Fitilar da Baffa Ya Kunna da Rana

Ranar sadakar uku ina zaune a kan tabarmar karɓar gaisuwa a ƙofar gidanmu a Dutsin-Ma, sai ga wani dattijo daga Dabawa yana dogara sanda. Ya durƙusa, ya ja addu'a mai tsawo, muka shafa. Hannunsa bai gama sauka daga fuska ba ya karkata wajen na kusa da shi, da muryar da yake zaton raɗa ce, ya ce, "Ashe mai hitilar rana ne ya cika? Allah sarki. Ai dama ƙarshen nan kan ya ɗan taɓu." Na kusa da shin ya ja gefen rawani ya rufe baki, amma kafaɗunsa sun tona masa asiri. Dariya yake yi, a kan tabarmar mamacin, da gumbar sadakarsa a hannu.

Sai dattijon ya juyo gare ni, ya kama hannuna biyu. "Kai dai Allah shi yi maka albarka, Malam. Shekarar nan da anka ce dam za ya kashe mutane, ba don kai da motarka mai lasihika ba, da mun bar gero a gona tsuntsu ya cinye. Kai ka kwantar muna da hankali." Na ce, "Amin, na gode." Wannan amin ɗin ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Wanda ya rasu Baffana ne, yayan mahaifina. Shi ya riƙe ni tun ban shiga makaranta ba, kuma tunda Allah bai ba shi haihuwa ba, ni ne ɗan da aka zo yi wa gaisuwa. Kwana uku na yi ina sauraron masu zuwa. An ce mai sallah ne, an ce ba ya faɗa da kowa, an ce Allah ya sa cutar ta zama kaffara. Amma ko mutum ɗaya bai ambaci rijiya ba. Alhali daga Kurfi zuwa Rawayau, daga Dabawa zuwa cikin garin nan, da wuya ka yi tafiyar wuni ba ka sha ruwan ramin da ya haƙa ba. Butocin da suke ɗauka suna alwala ma daga rijiyar tsakar gidanmu aka cika su, wadda ya haƙa da hannunsa. Abin da ya rage musu na shekarun aikinsa duka shi ne sunan da yara suka laƙaba masa da waƙa. Ba zan yarda a rufe shi da wannan sunan ba, ko da ni ne na taimaka aka ɗinka masa shi.

Haƙan rijiya ne sana'ar gidanmu tun kakanni. Baffa gajere ne, mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa kamar bayan itace. Bai yi boko ba, sai ɗan yaƙi da jahilci da ya shiga da furfurarsa, ya iya haɗa baƙi da ƙyar. Amma ka kai shi fili ka ce kana son ruwa, sai ya zagaya shiru, ya dubi itatuwa, ya dubi inda tururuwa ta yi gida, ya ɗebi ƙasa ya murza, wani lokaci har ya ɗanɗana. In ya ce nan, to nan ne. In ya ce ba nan ba kuma ka matsa, zai haƙa maka, amma kullum da safe kafin ya sauka sai ya tuna maka cewa ya faɗa. Yana da wannan halin, ba ya yafe wa mutum taurin kai da wuri.

Kowace rijiya ya gama sai ya taho da ɗan dutse daga ƙasanta ya jera a kan dakalin zaure. Babu rubutu a jikinsu, amma ka ɗauki kowanne zai ce maka na gidan wane ne a gari kaza, zurfin gaba nawa aka haƙa kafin a same shi, da abin da matar gidan ta dafa musu ranar da ruwa ya ɓullo. In abincin bai yi daɗi ba ma yana riƙe da shi.

Sai kuma fitila. Wata tsohuwar fitilar ƙwai ce, murfinta ya lotsa, an ɗaura mata igiya a hannu. Ba a sauka rami a gabansa, komai hasken rana, sai an kunna ta an zura ta har ƙasa. In ta ci gaba da ci, a sauka. In harshenta ya yi ƙasa ko ta mutu, a fito da ita a yi ta zura ganye ana kaɗawa har iskar ramin ta sake. Yakan ce akwai wata iska mai nauyi da ke kwanciya a ƙasan rami kamar yadda ruwa ke kwanciya, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sallama. Wuta ba ta rayuwa a cikinta, mutum ma haka.

A Rawayau ya biya kuɗin wannan karatun, da ran ƙaninsa. Suna haƙa tare da mahaifina, rannan aka wayi gari kananzir ya ƙare. Baffa ya ce a jira a aiko daga kasuwa. Mahaifina, da ƙuruciya da zafin nama, ya ce ai jiya suna ciki har la'asar lafiya lau, me zai canza a kwana ɗaya? Baffa ya yi shiru, shirun da ya yi ta cizon yatsa a kansa har ya mutu. Mahaifina ya sauka. Ba a ji ihu ba, ba a ji komai ba, igiya ce kawai ta saki. Baffa ya ɗaura jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci ya bi shi, aka jawo su biyu, ɗaya a sume ɗaya gawa. Da mahaifiyata ta gama takaba ta koma Kurfi wajen danginta, shi ya ɗauko ni a kafaɗa ya kawo ni wa matarsa, wadda nake kira Inna. Wato duk garin nan babu wanda ya kai ni sanin abin da ake yi da fitila da rana. Ina so mai karatu ya riƙe wannan.

Ina manyan azuzuwan firamare aka kawo wani malamin labarin ƙasa garin, Kirista ne daga Filato, ya kama haya bayan gidanmu. Ticha kowa ke ce masa. Ruwa ya zo roƙo ranar farko, ya ga duwatsun dakali, ya manta da bokitinsa. Daga ranar, da an yi la'asar sai ka gan su a zaure, ɗaya da taswira ɗaya da dutse, suna gardama kamar masu rabon gado.

Tambayar da ta daɗe tana cin Baffa ita ce, me ya sa duk inda ya haƙa, ko ba jima ko ba daɗe sai ya tarar da dutse iri ɗaya, mai tauri, mai sanyi, wanda ke mayar da diga baya? Me ke ƙarƙashinsa? Ticha ya yi ta bayani da Hausarsa ta mutanen tudu, Baffa yana gyaɗa kai ba don ya gamsu ba. Shi abu in bai taɓa shi da hannu ba bai shiga kansa ba. Rannan ana cikin haka ya miƙe ya shiga gida. Inna ta yi talge ta shiga ɗaki ɗebo gari, ta fito ta tarar da murhu babu tukunya. Ashe Baffa ne ya sunkuce ta da tsumma ya kai zaure, ya ɗauko wata ƙwarya ya fasa, ya jera sakainun a kan talgen yana tafarfasa.

"Haka kake nuhi?" in ji shi.

Ticha ya tafa hannu. "Haka ne, Baba! Wallahi ko a kwaleji ba a nuna mana haka ba."

Abin da na ji a ranar, na kuma ji shi sau ba adadi daga baya, shi ne wannan. Ƙasar da muke takawa ɓawo ce, kuma ba guda ɗaya ba ce, a farfashe take manya-manya kamar waɗannan sakainun. A ƙarƙashinta akwai dutse mai zafin da ya sa shi yin laushi, yana juyawa a hankali, ɓallayen suna tafiya a kansa, tafiyar da ko jikanka ba zai gani da ido ba. Inda bakin biyu suka haɗu suka cije, sai su daɗe a cije, ranar da suka suɓuce ƙasa ta girgiza, gidaje su zube. Inda ɗaya ta nutsa ƙarƙashin 'yar'uwarta, ko suka ja da baya suka bar tsaga, nan narkakken dutse ke samun hanya ya yi sama, shi ne dutse mai aman wuta. Baffa ya tura sakaina biyu da tsinke, talge ya yi tsartuwa ta tsakaninsu ya ƙone shi a hannu, ya yi dariya kamar an yi masa kyauta. Sannan ya ɗora yatsa a tsakiyar babbar sakainar ya ce, "Mu nan muke ke nan. Nesa da baki." Ticha ya ce haka ne, dutsen da ke karya masa diga ya huce tun zamanin da ba mai iya ƙirgawa. Sai dai ta wajen garinsu, da can gabas har cikin Kamaru, akwai tsohon rauni a jikin sakainar kanta, inda wuta ta taɓa fitowa, wani wurin ma har yanzu ba ta gama mutuwa ba.

Ƙwaryar da ya fasa ashe ta jeren auren Inna ce. Ta leƙo daga bayan asabari ta ce, "Malam, ilimin naku ba ya iya tsayawa a takarda sai ya shiga tukunyata?" Kwana biyu ba ta yi wa Baffa magana ba, mu kuma muka ci tuwo muna tsintar ɓawon ƙwarya a baki. Da maƙwabcinmu mai makarantar allo ya ji labari, ya tambaye shi ko ba ya tsoron irin wannan bincike. Baffa ya ce shi tunda ya san kaurin abin da ke tsakaninsa da wuta, sujadarsa ta ƙara tsawo. Malamin ya yi murmushi, bai sake tayar da maganar ba.

Bayan wani hutu Ticha ya kawo masa tsaraba daga garinsu: dutse baƙi-baƙi mai ratsin ja, duk jikinsa huji, ba nauyi kamar busasshen burodi. Ya ce wannan wuta ce ta amayo shi, hujin kuma iskar da ke ciki ce ta fita. Baffa ya sa shi a kan gaba a jerin dakali. Inna kuwa ta gano babu abin da ya kai shi cin kaushi. Duk ranar da ya duba bai gan shi ba, sai ya wuce makewayi ya ɗauko, ya wanke, ya mayar. Shekaru suka yi a haka, dutsen yana ƙanƙancewa, dugadugan Inna suna sheƙi.

Da gumin rami ya kai ni kwaleji. Ranar tafiya shi ya ɗora akwatina na ƙarfe a ka, da rigar aikinsa mai jar laka, don daga tasha rami zai wuce. Da muka kusa kwanar da ake hango sauran ɗalibai da iyayensu masu manyan riguna, na ce masa ya sauke a nan, zan iya. Ya dube ni, ya dubi tashar, ya ce, "To." Ya sauke, ya gyara mini gammo, ya juya. A lokacin na ɗauka bai gane ba.

Na gama, na sami aiki a wani ofis a garin, sashen wayar da kai. Aikina in shiga mota mai lasifika in zagaya ƙauyuka ina sanar da allurar shanu, da zuwan taki, da ranar shara. Na yi aure, na koma gidan haya, na fara sa agogo. Ticha an daɗe da yi masa canjin wurin aiki. Baffa kuma gwiwa ta hana shi sauka rami, sai dai a zo a ɗauke shi ya nuna wuri. A cikin waɗannan shekarun aka tare ruwa a Zobe, dam ya cika, masunta suka taru, mutanen gefen ruwa suka saba da shi.

Sai wata damina, gero ya fitar da kai ana jiran ya nuna, rediyo ya kawo labarin wani tafki a ƙasar Kamaru. An ce wata iska ta taso daga cikinsa ta bi kwari, ta kashe mutane da shanu har da tsuntsaye, ba rauni ba jini. An ce ruwan tafkin ya koma ja. To, a makon an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafuka suka kwaso jar ƙasa suka zuba a Zobe, dam ya yi jawur. Wani ya ce ya ga kumfa tana tasowa. Wani ya ce ya ga matattun kifi. Kafin kasuwa ta zagayo, labari ya zama an ji ƙugi a ƙarƙashin ruwa. Kifi ya ruɓe a kwanduna ba mai taɓawa. Mutanen gefen ruwa suka fara ɗaure kaya a jakuna suna hawa tudu wajen dangi, suka bar gero tsaye ba mai korar tsuntsu. Abincin shekara guda ne ake shirin bari a gona.

Baffa ya ji labarin a rediyon mai shayi. Aka ce da ya gama saurare sai ya ce, "Wagga iskar na san ta. Ita ta kashe mani ƙane." Ya gane tafkin can a bakin tsohon dutsen wuta yake zaune, a kan raunin nan da Ticha ya faɗa, iskar tana tsattsafowa daga ƙasa tana taruwa a ƙarƙashin ruwa har ranar da ta ɓalle. Zobe kuwa a gabansa aka tare shi da ƙasa da siminti, a kan dutsen da ya san taurinsa da digarsa. Amma shi ba ya rantsuwa a kan ramin da bai gwada ba. Ya zuba kananzir a fitila, ya hau bayan a-kori-kura, ya nufi dam.

Kwana uku yana zuwa. Da tsakar rana, rana na dukan ƙeya, tsoho yana ɗingishi a bakin ruwa da fitila a kunne. Duk wani kwari, duk wani zaizayayyen rami, duk inda iska mai nauyi za ta iya kwanciya, sai ya zura fitilar da igiya ya tsuguna yana kallon harshenta. Ya lallashi wani masunci ya shiga da shi tsakiyar ruwa, ya riƙe ta dab da fuskar ruwan. Ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Waɗanda suka gan shi ba su tambaye shi me yake yi ba. Sun ga tsoho yana haska rana da fitila, suka gama hukunci. Kafin ya dawo gari a rana ta uku, yara sun yi masa waƙa.

Ranar kasuwa ya tsaya a bakin tasha, inda masu gudun suke sauke kaya, fitila a hannu ɗaya, dutsen Ticha a ɗayan. Ni kuma muka fito daga ofis da shugabana da abokan aiki biyu, za mu wuce. Na ji muryarsa kafin in gan shi.

"Jama'a, ku koma gonakinku! Na gwada, babu komi. Ku dubi wanga dutse. Irin shi wuta ka amayowa. Shekara nawa ina haƙa ƙasar nan, ku ma kuna haƙa, wa ya taɓa tono irin shi? Babu wuta ƙarƙashinmu, a tsakiyar sakaina muke!"

Wata mai fura ta miƙa wuya ta duba, ta ce, "Yo Baba, wannan ai dutsen goge kaushi ne!" Tasha ta ɗauki dariya. Wani ya ce a tambaye shi ko ya ga ranar da yake nema. Baffa ya yi ta juyawa yana neman fuska ɗaya da ba ta dariya, sai idonsa ya faɗa kaina. Na ga yadda fuskarsa ta saki, kamar wanda aka jefa wa igiya.

"Yawwa, ga ɗana nan! Ya yi karatu, ya san abin da ni ka hwaɗi. Zo ka gaya masu abin da aka yi da hitila."

Kowa ya juyo. Shugabana ya dube ni ya ce, "Ka san shi?" Taku goma ne tsakanina da Baffa. Magana uku ce za ta wadatar: ku saurare shi, da fitila ake gwada iskar rami, rashinta ne ya kashe ubana. Na dubi rigarsa, na dubi masu dariya, na dubi takalmin shugabana. Na ce, "Tsufa ne, ranka ya daɗe." Ban ɗaga murya ba, amma tashar ta yi shirun da kowa ya ji. Muka wuce. Ban waiwaya ba, saboda haka ban san yadda ya yi da fuskarsa ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

Kwana biyu bayan haka umarni ya zo daga sama cewa a fita a kwantar wa mutane hankali. Layi biyu ne a takardar, babu dalili ko ɗaya a ciki. Shugabana ya ce in rubuta abin da za a faɗa. Na zauna da farar takarda na lalubi abin da kwaleji ta ba ni, ban sami abin da manomi zai ji ya sauke kaya ba. Sai na rubuta sakaina da talge. Na rubuta bakin tsohon dutsen wuta, da iska mai nauyi irin ta ƙasan rijiya, da jar ƙasar da rafuka suka kwaso. Na rubuta tambayarsa, wa ya taɓa tono dutsen wuta a ƙasar nan? A ƙarshe na ƙara da cewa masana sun je bakin ruwa da tsakiyarsa sun gwada iskar, sun tabbatar lafiya lau. Masanan nan mutum ɗaya ne, mai ciwon gwiwa, da fitila mai lotsattsen murfi.

Muka zagaya gari da ƙauyuka lasifika na amsa-kuwwa. Mutanen da suka yi dariya a tasha su ne suka tsaya suna gyaɗa kai suna cewa, ka ji magana ta ilimi. Kafin mako ya cika an koma, an kori tsuntsu, kifi ya koma kasuwa, da gero ya nuna aka yanke. Aka yaba mini a ofis, aka ƙara mini girma. A nan na gane mutanenmu ba magana suke saurare ba, abin da maganar ta hawo suke kallo. Na ji haushinsu ƙwarai, don jin haushinsu ya fi mini sauƙi a kan in dubi kaina.

Baffa bai taɓa tayar mini da zancen ba. Ina zuwa gaishe shi kowace Juma'a, mu yi maganar ruwan sama da ciwon gwiwa, in ajiye goro in tashi. Sau da yawa na shirya abin da zan ce tun daga gida, in na zo zaure sai in ce bari sai mako mai zuwa. Amma sunan ya zauna. Masu zuwa ɗaukarsa ya nuna wurin rijiya suka daina, wa zai ba mai taɓin hankali amanar raminsa? Ya daina zuwa wajen mai shayi saboda waƙar yara. Daga masallaci sai dakali, yana goge duwatsunsa da gefen riga. Damina biyu ya yi a haka, sannan zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi.

Da dattijon Dabawa ya gama sa mini albarka, aka aiko Inna tana kirana. Na same ta a ɗakinsa, zaune a ƙasa cikin kayan takaba. Ba ta ce in zauna ba.

"Ranar da motarku ta biyo ta nan, shina zaure," in ji ta. "Ya miƙe ya dahe ƙyaure. Kana hwaɗi shina hwaɗi, wani wurin ma shina riga ka. Da ka zo wajen masana sun gwada, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya shigo ya ce mani, kin ji, yau na zama masana."

Na kasa ɗaga kai.

"Ni ban yi dariya ba. Na ce mashi, yaron da ka goya ya tozarta ka a kasuwa, ya kuma sace maka magana, ka hita ka gaya ma duniya. Ka san mi ya ce? Ya ce, in sunka ji maganata ce, sake ɗaure kaya za su yi. Bari su ji ta daga mota, gero ya shiga rumbu. Ya kuma hana ni yi maka zancen in dai da ranshi." Ta jawo fitilar daga ƙarƙashin gado ta tura mini ita da ƙafa. "Ya ce a ba ka. Ya ce duk garin nan kai kaɗai ka san amfaninta."

Na ɗauke ta na fito da ita a hannu, ban tsaya tunani ba, don na san in na tsaya zan sake cewa sai mako mai zuwa. Tabarma cike take, dattijon bai tafi ba. Na tsaya a tsaye na faɗa musu komai. Na faɗi yadda mahaifina ya mutu a Rawayau, da abin da fitila take yi a rami. Na ce duk kalmar da suka ji a lasifika tasa ce, shi ne masanan, ni ɗauka kawai na yi. Na faɗi abin da na ce a tasha. Ban rage komai ba.

Sannan dattijon ya girgiza kai cikin tausayi, ya dubi jama'a ya ce, "Kun gani? Ɗa na gari ke nan. Har girman da Allah ya ba shi shina son ya yahwa ma tsohon, don ya ruhe mashi asiri." Aka ce, Allah sarki. Aka ce, Allah ya ba mu masu yi mana haka. Wani ya kama hannuna ya zaunar da ni, ya ce zafin rashi ne, in yi haƙuri. Gaskiya na faɗa musu tsantsarta, amma a ƙasa nake tsaye, ba a cikin mota ba.

Shi ya sa na rubuta, ko takarda za ta yi abin da bakina ya makara bai yi ba. Wanda ya karanta, in ya sha ruwa a tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, ya san akwai hannun wani gajeren mutum a ciki, kuma da cikakken hankalinsa ya koma ga Ubangijinsa. Yafiyar da ban roƙa ba yana raye, yanzu sai dai in roƙi Allah Ya isar masa.

Ya Allah, bawanka ne da tun ranar Rawayau bai sake barin ɗan kowa ya sauka rami ba sai ya aika haske ya riga shi. Mu da muka saukar da shi nasa, ba mu aika komai ba. Ka haskaka masa, Ka yalwata masa, Ka haɗa shi da ƙaninsa.